An Ba Su Riga, Ba a Koya Musu Aiki Ba

Duk sanda annoba ta ɓarke a ƙasar nan, ko ruwa ya ci gari, ko mota ta kife a bakin hanya, akwai bayin Allah da ke riga likita isa wurin. Matar da ke bin gida-gida da shuɗin hijabi tana kiran a fito da yara a yi musu ɗigon shan inna. Saurayin da ke raba maganin zazzaɓin cizon sauro da damina. Ɗan agajin da ke tsaye da kakinsa a ƙofar asibiti, ko filin idi, ko sansanin alhazai. Su ne 'yan sa kai.

Hannunsu ne ke fara taɓa mara lafiya. A ƙauyen da asibiti ya yi wa nisa kuwa, sau da yawa daga hannunsu sai na mai wankan gawa.

To jama'a, wa ya taɓa tsayawa ya tabbatar cewa hannun nan ya iya aikin da aka tura shi yi?

A galibin wurare babu wanda ya tsaya. Masu tura su kuma sun fi kowa sanin haka.

Ku dubi abin da ake kira bita. A Abuja ake fara ta, a otal mai sanyi, kwana da kwanaki, da ƙwararru da majigi da shayin safe. Waɗanda suka halarta su koma jihohinsu su koyar da wasu a cikin rabin kwanakin. Waɗannan su sauka ƙananan hukumomi su ƙara gutsurewa. Kafin abin ya iso mazaɓa, inda ainihin masu shiga gidajen mutane suke, ya koma hantsi zuwa azahar, a ajin firamare mai ɓallallun benci, jama'a sun fi ƙarfin ɗakin, mai koyarwa yana karanta takarda da Turanci yana fassarawa a tsaitsaye, idonsa yana kan agogo.

Wanda ba zai taɓa ganin mara lafiya ba ya samu kwanaki. Wadda za ta ɗura wa jariri magani ta samu sa'o'i. Wane hankali ne ya tsara wannan?

Abu biyu ne ba a wasa da su a irin wannan zama: takardar sa hannu da hoto. Kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da ta asusunsa. A jeru a gaban ƙyalle mai tambari, a ɗauka. A raba riga da hula da jaka. Kashegari rahoto ya tafi sama cewa an horas da mutum kaza a ƙaramar hukuma kaza.

Wani lokaci har ɗan gwaji ake yi a takarda, ɗaya kafin a fara, ɗaya bayan an gama. Ana amsa shi tare, da murya ɗaya, mai koyarwa na gyaɗa kai. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a irin ajin nan ko ya ga an ce da wani ya koma gida bai ci ba. Jarrabawar da ba a faɗuwa, jarrabawa ce?

Kada wani ya ce ana neman a mai da su likitoci. Abin da ake nema bai kai nan ba, shi ya sa rashinsa ya fi ciwo. Ayyuka ne ƙididdigaggu, sanannu, waɗanda aka daɗe da rubutawa, waɗanda za a iya sa mutum ya yi a gaban mai dubawa a ga ko ya iya ko bai iya ba.

Ɗauki gudawa, wadda har yau take cikin manyan masu kashe mana yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Maganinta na farko garin gishiri da sukari ne na cikin leda. Ana juye leda ɗaya a cikin ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinta, galibi lita ɗaya. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin ya yi yawa, ya ƙara wa yaron wahala. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. A bi shi da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. A ci gaba da ba da nono. Idan idanun yaro sun faɗa, ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, a daina jira, a nufi asibiti.

Shi ke nan fa. Amma mutum nawa cikin masu rigar nan aka taɓa miƙa wa kofi da leda aka ce haɗa mu gani?

Ɗauki ciwon haƙarƙari, wanda asibiti ke kira limoniya. Ana gane shi da ƙidaya numfashin yaro na minti ɗaya cur. Daga wata biyu zuwa wata 11, idan ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, idan ya kai 40. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, lamarin ya wuce gida. Wannan ba a koyonsa daga allo. Sai an zauna gaban yaro mai rai, an ɗaga rigarsa, an ƙirga, an yi kuskure, an gyara, an sake. A wace bita aka taɓa kawo yaro?

Maganin da ake rabawa da damina shi ya fi ba ni tsoro, domin magani ne na gaske ake sa wa a hannun mutum ya shiga gari da shi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel 'yan wata uku zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, har damina ta wuce. Abu ne mai amfani ƙwarai, ya ceci rayuka masu yawa. Amma yana da ƙa'ida. Ƙunshin 'yan ƙasa da shekara daban, na manya daban. Na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka rage a bar wa uwa bayan an yi mata bayani ta gane. Yaron da ke da zazzaɓi a ranar ba a ba shi, sai a tura shi gwaji. Yaron da ke shan wani magani mai sinadarin salfa, ko wanda irinsa ya taɓa yi wa illa, ba a ba shi. Idan ya amayar kafin rabin awa, akwai yadda ake yi.

Me ke faruwa a ƙofar gida? A yi sallama, a ce yara nawa, a ƙirga katin magani a miƙa ta zaure, a yi alli a bango, a wuce gaba. Gidaje sun yi yawa, rana ta yi, mai dubawa kuma yawan allin bango yake ƙirgawa. Wanda aka ce da shi adadi ake so, adadi zai kawo.

Haka ɗigon shan inna. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira. Idan zafi ya taɓa maganin, murabba'in yana yin duhu, kuma da zarar ya kai launin da'irar ko ya wuce ta, kwalbar ta mutu, sai zubarwa. Mai ɗigon da ba ta iya karanta wannan tambari ba tana iya yin wuni tana ɗiga wa yara abin da ba ya kare su, iyaye na ganin an yi wa 'ya'yansu rigakafi. Ba ma a maganar shafa wa yaro tawada a farce ba tare da an ɗiga masa komai ba, abin da masu aikin da kansu sun san ana yi.

Duk wannan a zaman lafiya ke nan. Ranar tashin hankali fa?

A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano. Wata uku bayan nan aka sake ganin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A kowanne cikin waɗannan, mutanen gari da 'yan agaji ne suka fara kai hannu, kuma Allah ya saka musu.

Amma wanda ya fara kai hannu, me ya sani? Ya san ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta zubawa har minti 20, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba? Ya san jinin da ke tsartuwa dannewa ake yi da ƙyalle mai tsabta a riƙe, ba a ɗagawa ana leƙawa? Ya san wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya ba a ɗaukarsa hannu da ƙafa a jefa bayan a-kori-kura, domin ɗaukar ce kan ƙarasa abin da haɗarin ya fara? Ya san mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ana kawar masa da abin da zai ji masa ciwo ne, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe? Idan mutum goma suna kwance, ya san wa zai fara da shi, ko mai ihu zai nufa ya bar wanda ya yi shiru yana mutuwa?

Kyakkyawar niyya ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Mai niyya mai kyau da bai iya ba yana iya gurgunta mutum har ƙarshen rayuwarsa, ya koma gida yana ganin ya yi aikin lada. Alhakin kuma yana wuyan wanda ya sa masa rigar.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai mutanen ba su yi karatu ba, ba za su iya ɗaukar abu mai zurfi ba. Wannan raini ne, kuma ƙarya ce. A Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA da abokiyar aikinta BEFEN sun koya wa iyaye mata, galibinsu ba su taɓa shiga aji ba, yadda ake auna damtsen yaro da ɗan tsiri mai launi uku don gane tamowa. Kore lafiya, rawaya a kula, ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya. Da aka gwada awon iyayen da na ma'aikatan sa kai, sai aka ga iyayen ba su gaza ba. Abin da aka yi musu shi ne an nuna musu, an sa sun yi, an duba. Macen da ta iya auna gari da gishiri da kanwa ba tare da sikeli ba, tsirin takarda ne zai gagare ta?

Sai a ce babu kuɗi. Akwai na otal. Akwai na buga riga da hula da ƙyalle. Akwai na jerin motoci ranar ƙaddamarwa. Sai an zo kan agogon ƙidayar numfashi, da safar hannu, da 'yar tsanar koyon farfaɗo da numfashi, da man babur ɗin mai dubawa, sannan asusu ya bushe?

Sai a ce gaggawa ce, babu lokaci. Wace gaggawa? Damina ba ta taɓa zuwa babu sanarwa ba. Kwalara na biye da ita kusan kowace shekara. A 2021 kaɗai an samu fiye da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka mutu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Sanƙarau da zafin bazara yake zuwa. Ƙyanda na da lokacinta. Watannin da ke tsakani, me ake yi da su? Sai gawa ta fara fita sannan a tara samari a ba su bokiti da kulorin, ba a ma gaya musu cewa haɗin da ake kashe ƙwayoyin amai da kashi da shi ya ninka na wanke hannu ƙarfi sau 40 ba. Ya yi rauni bai kashe komai ba, ya yi ƙarfi ya ci fata. Shi kansa ɗan sa kan ana iya kai shi ya ɗauko cutar ya kai wa iyalinsa.

Mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarta, ta nuna wani ramin. Yaro ya tashi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, iyaye su ɗauka hakin wuya ne su nufi wanzami. Mai bin gida-gida ce ke da damar ganin yaron da wuri. Idan ba a koya mata alamun ba, ba a gaya mata wa za ta kira ba, ba a ba ta lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarta ba, to ta ga annoba da idonta ta wuce, kuma ba laifinta ba ne.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne babu abin da ke sabo a nan. Ba a ce a ƙirƙiro wani ilimi ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, ta ce a ba su shaidar kammala horo bisa abin da suka nuna sun iya, a riƙa bibiyarsu ana gyara musu, a biya su gwargwadon aikinsu. A 2018 ɗin dai shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, don a tattara 'yan sa kai iri-iri a ƙarƙashin tsari ɗaya da manhaja ɗaya. Littattafan horon suna nan. Takardun duba aiki suna nan. Wasu daga cikin masu zuwa bitar otal su ne suka rubuta su da hannunsu.

Wato sun san daidai. Sun rubuta daidai. Sun sa hannu a kan daidai. Sannan suka sauko ƙasa suka yi abin da ya fi sauƙi.

Ko a Amurka, inda likitoci suka yi yawa, ba a yarda da niyya kaɗai ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, ma'aikatan lafiya da dama sun yi tururuwa don taimakawa, aka rasa yadda za a tantance su ko a ba su aiki. A 2002 aka kafa rundunar 'yan sa kai ta lafiya, daga baya aka rubuta mata ginshiƙan ƙwarewar da ake son kowane ɗanta ya mallaka: ya san yadda zai kare kansa, ya san wanda yake karɓar umarni daga gare shi, ya san iyakar aikinsa. Idan mai digirin likita ana neman ya san waɗannan kafin ya shiga filin bala'i, ina ga wanda aka ɗauko jiya daga majalisar unguwa?

Mu ma mun taɓa yi, kada a manta. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, mutanen da aka horas a yaƙin shan inna na cikin waɗanda aka jingina da su. Aka bi kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana duba su kullum, kowa ya san aikinsa, kowa ya san wa zai kai wa rahoto. Cutar ta tsaya a kan mutum 20 ko kusa da haka, takwas suka rasu, aka ayyana ƙasar ta rabu da ita a watan Oktoba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma ƙafafun matan Arewa masu bin gida-gida ne suka kai mu nan. Tara daga cikin masu aikin rigakafin an harbe su a Kano a watan Fabrairun 2013 suna bakin aiki.

Mutanen da suka ba da jininsu ke nan. Sakayyarsu ita ce a riƙa tura ƙannensu da 'ya'yansu aiki da rabin sani, a riƙe musu alawus wata da watanni, sannan in an samu matsala a ce su ne ba su da kishi?

Ga kuma yadda ake zaɓen su. Ƙa'ida ta ce ɗan gari, wanda jama'a suka yarda da shi, wanda zai iya. A aikace jerin sunaye daga aljihun kansila yake fitowa, ko na wani babba a sakatariya. Wadda ta shekara da shekaru tana aikin, ta san kowane gida da kowace mai ciki, a wayi gari an cire sunanta an sa na 'yar wani. Akwai wanda zai zo bita ya karɓi kuɗin mota, ranar aiki ya turo ƙaninsa da rigar. Ƙanin ko bitar rabin wunin bai samu ba.

Ku je garejin kowane bakanike a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Yaro zai shekara yana miƙa sifana kafin a bar shi ya kwance inji shi kaɗai, kuma ba a yaye shi sai maigidan ya ga aikinsa da idonsa, domin ya san in motar mutane ta lalace sunansa ne zai ɓaci. Injin mota ke nan. Ran ɗan talaka bai kai a yi masa wannan ba?

Tambaya ɗaya ta isa ta tona asirin kowa. Cikin masu sa hannu a rahoton nan na cewa an horas, wane ne zai yarda wanda aka horas ɗin ya ba ɗansa magani? Wane ne zai kwanta a titi ya ce ɗan agajin da ya ba shaidar ya ɗauke shi? Nasu 'ya'yan asibitin kuɗi ake kai su. Abin da ba su yarda da shi a gidajensu ba shi suke aikawa gidajen mutane.

Shugabannin ƙungiyoyin agaji na addini su ma maganar ta shafe su. Babu mai musun hidimar da 'yan agaji ke yi a masallatai da majami'u da asibitoci da wuraren wa'azi, ba dare ba rana, ba ko sisi. Amma sunan aikin agajin gaggawa ne. Idan ana da lokacin fareti da gyaran sahu da ɗinkin kaki da rabon anini, to akwai lokacin koyon tsai da jini da kwantar da wanda ya suma. Kafin a ƙara wa mutum igiya a kafaɗa, a sa shi ya ɗaure karaya a gaban jama'a. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan, asibitocin koyarwa suna da malaman da za su zo in an gayyace su. Wa ya hana?

Akwai wani sani kuma da ya fi duk waɗannan wuyar koyarwa, shi ne mutum ya san inda aikinsa ya ƙare. Saboda ba a koya shi ba, sai ka ga wanda aka ba riga bara, bana ya zama likitan ƙauye. Yana allura, yana ƙarin ruwa, yana rubuta magani. Mai ciki ta zo da ciwon kai da kumburin ƙafa da gani dishi-dishi, alamun da ke gaban jijjiga, ya ba ta maganin ciwon kai ta koma gida. Mai jego tana zubar da jini, a tsaya ana dabara har lokacin tafiya ya wuce. Haka riƙon sirri. Mai shiga gidajen mutane tana ganin wanda ke shan maganin tarin fuka da wanda ke karɓar na ƙanjamau. Idan ba a ɗaure ta da amana tun ranar farko ba, magana ɗaya a gidan biki ta isa ta kashe aure, ta kuma sa unguwa guda ta rufe ƙofa ga duk mai riga.

Mu jama'a kuma mu daina wanke kanmu. Mu ne ke kiran duk wanda ya rataya jaka da sunan likita. Mu ne ke karɓar magani ta zaure ba mu tambayi yadda ake sha ba. Mu ne ke kai sunan ɗanmu wurin kansila, mun san bai iya ba, don dai ya samu ɗan abin da ake bayarwa. Masu unguwanni da dagatai da limamai ana zuwa neman albarkarsu kafin a fara kowane zagaye. Me zai hana kafin su sa albarka su ce a nuna musu wa ya gwada mutanen nan, yaushe, a kan me?

Abin da ake bin hukumomin lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba su kuɗi bashi a fili yake. Kowane irin aikin sa kai a rubuta abubuwan da dole mai yin sa ya iya, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, da boko da ajami, a manna a bangon kowane asibitin sha-ka-tafi inda kowa zai gani. A juya tsarin bita, kwanaki su koma ƙasa, sa'o'i su koma sama. Kowane mutum ya yi aikin da hannunsa a gaban ma'aikacin lafiya mai lasisi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai iya ba a sake koya masa, in ya sake kasawa a ba shi aikin da ba ya taɓa jikin mutum. A sake gwadawa kowace shekara, domin hannu yana mantuwa. A biya mutane haƙƙinsu a kan lokaci, don wanda ake bi bashi ba shi da bakin tuhumar wanda yake binsa.

Riga kuma kada ta fita daga sito sai da kati. A gaban katin a sa hoton mai shi da abin da aka yarda ya yi. A bayansa a rubuta sunan jami'in da ya gwada shi da ranar da ya gwada, domin ranar da aka ba jariri ƙunshin da ba nasa ba, iyayensa su san ofishin da za su nufa da wanda za su tambaya.